Murhun Gas A Tsakar Gida: Mun Sayi Wuta, Ba Mu Koyi Riƙonta Ba

Da sanyin hunturun da ya wuce, wata rana bayan sallar Isha'i, na dawo gida na tarar da yara sun kewaye murhun gas ɗin da muke ajiyewa a tsakar gida. An sauke tukunyar tuwo, sai suka ƙi bari a kashe wutar, kowa ya miƙa tafin hannunsa yana jin ɗumi. Ina shirin yi musu faɗa a kan ɓarnar gas, sai uwargida ta ce, "Malam, kafin ka yi faɗa, dubi launin wutar nan. Sati biyu ke nan tana baƙanta mini gindin tukunya." Na duba, na ga harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa, yana lilo kamar na aci-balbal. Na sunkuya kusa da tiyo, sai wani ɗan wari ya bugi hancina.

A daren na rufe tukunyar gas ɗin. Da safe na kira mai gyara. Da ya kwance kan murhun, sai ga gidan zanzaro a cikin bututun da iska ke shiga, ƙofofin wutar kuma rabinsu ƙura da daskararren mai sun toshe su. Tiyon kuwa, da ya lanƙwasa shi, duk ya tsattsage. Ya dube ni ya ce, "Dakta, yaushe rabonka da canza wannan?" Na yi shiru, domin tun ranar da aka ɗaura shi ban sake kallonsa ba. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina yi musu wa'azin bin ƙa'ida, ashe 'ya'yana na zaune kusa da ajali a cikin gidana.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, na san ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya san Dutse tun lokacin da ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991 ya san yadda girki ya sauya. Da itace ne da gawayi da kananzir. Zuwan ma'aikata, da buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, da tsadar kananzir, sun shigo da tukunyar gas lungu-lungu. Yau daga Takur zuwa Fagoji, daga Gida Dubu zuwa Garu, za ka ga 'yar tukunya mai kilo 3 ko 6 a ɗakin ɗalibi, mai kilo 12.5 a gidan magidanci. Masu shayi da masu suyar ƙwai da taliya a bakin titi da yawa sun rungume ta, haka nan a Kiyawa da Shuwarin da Birnin Kudu. Wannan sauyi alheri ne ga jihar da hamada ke yi wa barazana, domin kowace tukunyar gas tana rage sarar itace, tana kuma raba mata da hayaƙin da ke cin idanu da ƙirji. Gwamnatin Tarayya ma ta ayyana 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na bunƙasa amfani da gas. Sai dai an sayar mana da kayan, ba a haɗa mana da ilimin riƙe su ba.

A Amurka da Turai akwai murhun gas da ake girkawa a lambun gida don jin ɗumi da hira kawai, kuma masu shi kan share shi, su rufe shi, su gwada shi kafin kowane sanyi. Namu murhun ya fi nasu shan wahala. Shi ne na girki, shi ne na ɗumi, kuma a waje yake kwana: ƙurar hunturu ta cika shi, ranar bazara mai haura digiri 40 ta gasa robarsa, ruwan damina ya sa masa tsatsa.

Ya kamata mai karatu ya fahimci halin abin da ke cikin tukunyar nan. Gas ɗin girki a matse yake har ya zama ruwa, kuma lita 1 ta wannan ruwa kan zama kimanin lita 250 ta iska idan ta fito. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka idan ya tsiyaya, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya taru a kwata da ƙarƙashin benci da kusurwar zaure. Da zarar ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa. A asalinsa ba shi da wari. Warin da muke ji wani sinadari ne ake zuba masa da gangan. An koyi wannan darasi da tsada: a 1937 gas marar wari ya fashe a wata makaranta a garin New London na Jihar Texas, ya hallaka kusan mutum 300, yawancinsu yara, daga nan aka kafa dokar sanya masa wari. Don haka wanda ya ji wari ya ce "ai haka gas yake", ya yi watsi da gargaɗin da aka saya da rayuka.

To, mene ne gyaran? Na farko, launin wuta shi ne likitan murhu. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, a tsaye take. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya, iska ba ta isar ta, gas na ƙonewa rabi-rabi, kuɗi na tafiya a banza, kuma tana fitar da iskar nan mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Shi ya sa shigar da murhu ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi ganganci ne, ko na gas ne ko na gawayi.

Na biyu, shara. Ko da sau ɗaya a wata, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a rufe tukunya, a bar murhu ya huce, a cire kansa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da tsohon buroshi. A buɗe ƙofofin wuta da siririyar waya, ban da tsinke, domin yakan karye a ciki. Ƙaramar ƙofar da gas ke fitowa kuwa, kada a sake a faɗaɗa ta da allura. A leƙa bututu ko zanzaro ko gizo-gizo sun yi gida. A bar komai ya bushe sarai kafin a mayar. Idan an gama girki, a kifa masa tsohon kwano ko a rufe shi bayan ya huce.

Na uku, gwajin kumfa. A kaɗa ruwan sabulu, a shafa a bakin tukunya da ragileta da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe, sannan a buɗe gas ba tare da an kunna wuta ba. Duk inda kumfa ta riƙa tasowa, akwai yoyo. Na taɓa ganin wani mai cika gas yana neman yoyo da ashana, kuma mutane na tsaye suna kallo. A yi gwajin kumfa duk lokacin da aka dawo daga cika tukunya, domin 'yar robar bakinta takan lalace ko ta faɗi a hanya.

Na huɗu, tiyo da tukunya suna da wa'adi. Tiyon ruwa ba na gas ba ne, araha kuwa ba ta ado. A ɗaure bakinsa da maɗaurin ƙarfe, ban da igiyar roba. Wanda ya taurare ko ya tsage, ranar da aka gani ita ce ranar canza shi, ba a naɗe shi da salatif. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sanya wa tukunyar gas shekara 15, kuma shekarar ƙira tana jikinta. A ajiye ta a tsaye, a inuwa, a kan dakali ko bulo don kada gindinta ya yi tsatsa. Kada a matsa wa mai cikawa ya cika ta maƙil. Akan bar kusan kashi 20 cikin 100 fanko saboda gas na kumbura da zafi.

Idan kuwa an ji wari, a rufe tukunya, a fitar da yara, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a tayar da janareto ko babur a kusa.

Akwai kuma nauyin da ya wuce na magidanci. Hukumar NMDPRA da ke ba masu sayar da gas lasisi, da SON, da hukumar kashe gobara ta jiha, ya dace su riƙa zagaya shagunan cika gas da ke manne da masu walda da masu suya. Gidajen rediyonmu su ware minti biyar a mako don wannan bayani da Hausa. Mu kuma malaman jami'a, abin kunya ne ɗalibi ya gama digiri bai san gwajin kumfa ba, alhali tukunya na ƙarƙashin gadonsa. Mutanen Jigawa ba sa buƙatar a gaya musu abin da wuta ke yi. Gobarar tankar fetur a Majiya, cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, har yanzu tana zukatanmu.

A gidana yanzu, ranar Asabar ta farkon wata ta zama ranar murhu. Babban ɗana ke kaɗa ruwan sabulu, ƙanwarsa ke sa ido kan kumfa, ni kuma da buroshi a hannu. Aikin bai fi minti ashirin ba. Gemun nawa ya kusa kamawa, mai karatu. Ka shafa wa naka ruwa tun yau. Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa, idan Ya kai mu.