A Kawo Allurar Kare Da Doki Har Beli

Jama'a, akwai masu cewa yi wa kare allura aikin masu kuɗin birni ne. Mu talakawan Beli, a ƙasar Rogo, ba mu yarda da wannan magana ba. Karen mai kuɗi yana ɗaure a bayan katanga. Karen mafarauci da na makiyayi kuwa su ke yawo a kasuwa da bakin rijiya, inda 'ya'yanmu ke wasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane goma, wajen huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, sai dai likkafani. Mahaukacin kare in ya ciji doki ko jaki, su ma haka suke mutuwa. To, ɗan kasuwar da jakinsa ya faɗi, wa zai kai masa hatsi kasuwa?

Kada wani ya ce mana abin ya gagara. A 1962 aka fara gangamin yi wa shanu allurar bushiya a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ma'aikata suka bi ruga ruga. A 2011 aka sanar cewa cutar ta ƙare a duniya. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi tana nan a Vom tun 1924. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura, ciwon zai daina yaɗuwa. Ashe ba ilmi ya yi ƙaranci ba, niyya ce.

Muna neman ƙananan hukumomin Rogo da Karaye su turo malaman dabbobi ranar kasuwa, sau ɗaya a shekara, a yi wa kare da kyanwa da doki da jaki allura kyauta. Dokin hawan Salla bai fi jakin talaka daraja ba.

Mu ma da namu. Wanda kare ya ciza, a wanke ciwon da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya asibiti ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Masu kare kuma, ranar da mai allura ya zo, ku fito da su.