Filin Wasanni: Mai Karanta Iska Shi Ke Cin Gasar Yadi Dubu

A wannan mako, masu karatu, za mu bar ƙwallon ƙafa da dambe su huta, mu leƙa wani wasa wanda ba a kaɗa masa ganga, ba a kuma yi masa sowa sai an gama. Wasan kuwa shi ne gasar harbin allo daga nesa, inda mutum zai kwanta rub da ciki a kan ciyawa, ya auna wani baƙin zagaye da ke can yadi 1,000 daga inda yake, watau fiye da rabin mil, ya nemi ya zuba harsashi 15 a cibiyarsa ɗaya bayan ɗaya.

Gidan wannan wasa shi ne Bisli, wani fili a gundumar Sari ta ƙasar Ingila. An kafa ƙungiyar maharba ta Biritaniya a 1859, ta kuma yi taronta na farko a Wimbildon a 1860, inda Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar da kanta. An kafa mata bindiga ƙirar Whitworth a kan wani matokari, aka saita ta, ita kuwa ta ja igiya, harsashi ya faɗa kusa da cibiyar allo a yadi 400. A 1890 aka ƙaura zuwa Bisli. Babbar kyautar wurin ita ce Kyautar Sarauniya, wadda ta koma Kyautar Sarki a 2023, kuma kuɗinta fam 250 ne tun daga farko. Ana tace maharba sau biyu a yadi 300 da 500 da 600, har a ware mutum 100 waɗanda za su kara a yadi 900 da 1,000. Wanda ya ci sai a ɗora shi a kujera, a ɗauke shi a kafaɗa, a zaga da shi. Arthur Fulton ya hau wannan kujera sau uku, a 1912 da 1926 da 1931, mahaifinsa George ya riga shi a 1888, ɗansa Robin kuma ya bi sawu a 1958. A 1930 wata mata mai kiwon kaji, Marjorie Foster, ta kada mazan duka.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a tuna cewa a nan Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba tare da lasin ba. Abin da muke magana a kai wasa ne na ƙungiyoyi masu rajista, a filayen da aka keɓe, ƙarƙashin idon jami'in fili wanda in ya ce a tsaya, kowa zai zare harsashi ya ɗaga hannu daga bindiga.

To, mene ne wahalar abin? Bari mu sa shi a ma'auni. Harsashin da aka saba amfani da shi mai faɗin milimita 7.62 ne, nauyinsa kamar giram 10, yana fita daga bakin bindiga da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa guda. Duk da wannan gudu, sai ya yi wajen daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa yadi 1,000, a cikin wannan ɗan lokaci kuwa nauyinsa ya janyo shi ƙasa da kimanin ƙafa 30. Saboda haka maharbi ba ya miƙa bindigarsa sak ga allo, sama yake ɗaga ta ta hanyar murɗa saiti, harsashi ya yi baka a sararin sama sa'an nan ya sauko. Cibiyar allon Bisli a wannan nisa, wadda ke ba da maki 5, faɗinta inci 24 ne, a cikinta kuma akwai wani ƙaramin zagaye da ake kira V wanda da shi ake raba gardama in maki ya zo daidai. Ga shi kuma a babban rukunin gasar ba a yarda da madubin hangen nesa a kan bindiga ba, ba a kuma yarda da matokari ba. Ido ne, da 'yar kafar saiti, da maratayin da ke ɗaure hannu da bindiga.

Sabon shiga yakan ɗauka cewa maganin kuskurensa yana kantin sayar da bindigogi. A babban taron Bisli na watan Yuli harsashi iri ɗaya ake raba wa kowa, bindigogin da ke kan layi kuwa kusan dukkansu suna iya zuba harsashi cikin cibiya in da za a ɗaure su a maƙera ranar da babu iska. Ashe ke nan abin da ya raba na ɗaya da na hamsin yana jikin mutumin da ke bayan bindigar. Wannan ne ya sa nake ganin kuɗin da mutum zai kashe wajen sake sabuwar ƙota gara ya kashe su wajen ƙarin kwanaki a fili.

Abu na farko shi ne kwanciya. Nama yana gajiya, yana rawa, ƙashi kuwa ba ya yi, don haka gwani yakan tsara jikinsa yadda ƙasusuwan hannu da maratayi ne za su ɗauki nauyin bindiga. Akwai gwajin da malaman harbi ke koya wa kowane almajiri: ka saita allo, ka rufe ido, ka yi numfashi biyu ko uku, ka saki jikinka, sa'an nan ka buɗe. In ka tarar bindiga ta kauce hagu ko dama, to can ne jikinka yake so ya harba, kuma can harsashi zai nufa a lokacin da bindiga ta yi tokari, kome ƙoƙarinka na danne ta. Gyaran ba da hannu ake yi ba. Sai ka bar gwiwar hannun da ke tallafe da bindiga a inda take, ka gusa ƙugu da ƙafafu har saiti ya dawo kan allo da kansa. Bayan haka kunci ya zauna wuri ɗaya a kan ƙota kowane harbi, gindin bindiga ya zauna wuri ɗaya a kafaɗa. Haka nan kada bindiga ta karkace, domin karkatar digiri ɗaya tak tana kai harsashi gefe da kimanin inci 6 a yadi 1,000, watau rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar cibiya da bakinta. Shi ya sa ake maƙala ɗan ma'aunin ruwa irin na magina a kan saitin gaba.

Sai numfashi da kunama. Ana harbi ne a ɗan hutun da ke zuwa bayan mutum ya fitar da numfashi, ba a kuma so a wuce daƙiƙa 6 zuwa 8, don daga nan ido zai fara dishi-dishi, zuciya ta fara buga bindiga. In lokacin ya wuce, a janye yatsa a sake sabon lale. Kunama kuwa matsa ta ake yi a hankali, kai tsaye zuwa baya, ba fizga ba. Bayan harsashi ya tashi maharbi ba ya ɗaga kai, sai ya ci gaba da kallon saiti har bindiga ta lafa, ya kuma faɗa wa kansa inda yake zaton harbin ya faɗa tun kafin a nuna masa. Wannan faɗar tana da muhimmanci ƙwarai. Mutumin da ya san ya saki harbi mai kyau amma ya ga ya faɗa dama, ya san laifin iska ne. Wanda bai sani ba kuwa zai murɗa saiti don ya gyara kuskuren yatsansa, harbi na gaba ya faɗa hagu, ya shiga kai da kawowa har harsashinsa ya ƙare.

Duk waɗannan ana iya koyonsu a tsakar ɗaki da bindiga wadda aka tabbatar babu kome a cikinta, ana auna ɗigon tawada a bango, minti 20 kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iska ita ce ba a koyo a ɗaki, kuma ita ce alƙalin wannan wasa. Iskar da ke ratsa fili daga gefe da gudun mil 10 a awa tana ture wannan harsashi da kimanin ƙafa 8 a yadi 1,000. A taƙaice kowane mil guda na gudun iska inci 10 ne a kan allo. Mai karatu ya haɗa wannan da faɗin cibiya, zai ga cewa kuskuren mil ɗaya da rabi wajen kintatar iska ya isa ya fitar da mutum daga maki 5, alhali kuwa fatar mutum da ƙyar take bambanta mil 8 da mil 10. Maharba suna auna gyaran saiti da abin da suke kira minti, watau kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda ya yi daidai da inci 10 da ɗoriya a wannan nisa. Ke nan lissafin ya zo da sauƙi: mil ɗaya, minti ɗaya.

Amma ƙarfin iska rabin labari ne, sauran rabin shi ne inda ta fito. Maharba sukan ɗauki fili kamar fuskar agogo, allo yana ƙarfe 12. Iskar ƙarfe 3 ko ƙarfe 9 tana turi da dukkan ƙarfinta, ta ƙarfe 2 ko 10 kusan kashi 87 cikin ɗari, ta ƙarfe 1 ko 11 rabi, ta ƙarfe 12 kuwa ba ta ture harsashi gefe ko kaɗan. A nan ne tarkon yake. In iskar mil 10 ta juya daga ƙarfe 3 zuwa ƙarfe 2, bambancin bai wuce inci 13 ba. In kuwa ta juya daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 1, bambancin ƙafa 4 ne. Don haka iskar da ke tahowa daga gaba ko daga baya tana wutsil-wutsil hagu da dama ta fi iskar gefe mai ƙarfi haɗari nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da gwanaye ke bi ita ce, in iska daga gefe take a lura da ƙarfinta, in daga gaba ko baya take a lura da kusurwarta, a kuma zaɓi tutar da take kaɗawa sak zuwa ga mai kallo ko daga gare shi, don ita ce za ta fara tona juyin.

Tutoci ba su kaɗai ne 'yan rahoto ba. Akwai kawalwalniya, wannan rawar iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa da rana. Maharbi yakan ajiye madubin hangen nesa a gefensa, ya daidaita shi a kan tsakiyar fili maimakon kan allo, sai ya ga kawalwalniya tana gudana kamar ruwa. In tana tafasa tana tashi sama, iskar gefe ta ɗauke. In ta kwanta tana gudu, iska ta ƙaru. Ta fi tuta saurin ba da labari a lokacin iska mai sauƙi, musamman in raɓa ko ruwan sama ya jiƙa tuta ta yi nauyi, amma da zarar iska ta wuce kimanin mil 12 sai ta miƙe ta daina nuna bambanci, a koma ga tuta.

Yadda za a yi da wannan labari ya danganta da tsarin gasa. A Amurka da Ostareliya mutum yakan harba nasa a jere cikin lokacin da aka ba shi, don haka yana iya zaɓar yanayin iska guda, ya yi sauri in ya zo, ya dakata in ya tafi. A Bisli kuwa mutum biyu ko uku ne ke karɓa-karɓa a allo ɗaya, kowa yana da daƙiƙa 45 in layi ya zo kansa, ba shi da damar jira, dole ya kintata ya murɗa saiti ya harba. A ganina wannan tsari na biyu ya fi fitar da gwani na ainihi, ko da yake mutanen Ostareliya ba za su yarda ba. Dabarar da ta fi amfani a nan ita ce, tun kafin a fara mutum ya zauna bayan layi ya gano iyakar iska ta sama da ta ƙasa, a ce minti 4 zuwa minti 8, ya san siffar tuta a kowace iyaka. In kuma ya rasa ta cewa, ya zaɓi tsakiya, ya haƙura da maki 4 maimakon ya yi caca ya samu 2.

Littafin harbi shi ne malamin da ba ya karɓar kuɗi. Kowane harbi ana ɗiga inda ya faɗa a kan zanen allo, a rubuta saitin da aka yi amfani da shi, sa'an nan a lissafa saitin da ya kamata a ce an yi. Bayan harbi biyar ko shida sai hoto ya fito: ko mutum yana rage wa iska kima kullum, ko tarin harbinsa ya zauna sama da cibiya. Tarin ake gyarawa, ba harbin ƙarshe ba, domin ko harsasai na kwali ɗaya ba gudunsu ɗaya ba, bambancin mita 3 a daƙiƙa kuwa yana ɗaga harbi ko ya sauke shi da inci 2 zuwa 3. Littafin ne kuma ke tuna wa mutum cewa saitin da ya yi aiki a Bisli ba zai yi a Bulumfontin ta Afirka ta Kudu ba, inda aka yi gasar duniya a 2024, don garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,400, iskarsa ba ta da kauri, harsashi ba ya saurin gajiya.

A gasar ƙasashe ta Kofin Palma, wadda aka fara a filin Kiridimo kusa da Niyok a 1876 ana harbi a yadi 800 da 900 da 1,000, an raba aikin gida biyu. Maharbi yana riƙe bindiga kawai, koci na zaune a gefensa da madubi, shi ke karanta iska, shi ke murɗa saiti, shi ke ba da izinin harbi. Mai son koyon iska da sauri ya nemi ya zauna bayan irin wannan koci da takarda, ya riƙa rubuta nasa kintacen kafin koci ya faɗi nasa. Ba ya kashe harsashi ko ɗaya, a yini guda kuma zai ga harbi ɗari.

Wanda idonsa ya fara rauni ma ba a rufe masa ƙofa ba. Wani dattijo ɗan Kanada, George Farquharson, shi ya nemi a bar tsofaffi su sa madubi da matokari, daga nan aka sami rukunin F, wanda aka raɗa wa harafin farko na sunansa. Sai dai da matasa suka cika rukunin, maki ya yi yawa, aka rage faɗin cibiyar allonsu zuwa kamar rabi, a yadi 1,000 ta koma inci 10, daidai da abin da mil ɗaya na iska ke turewa.