Iskar da ke Cikin Firizar Mai Askirim

Duk wanda ya san Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi ya san yadda kasuwar kayan sanyi take ci a watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya ɗara. Daga bakin titin Zariya, wajen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, har zuwa kasuwar Tarauni, da wuya ka wuce kantuna kaɗan ba ka ga farar firiza a bakin ƙofa ba, cike da askirim da yogot da ƙanƙara. Ga kuma masu keken Fan Milk suna ta danna oda a ƙofar makarantu. Mu ɗalibai muna cikin manyan masu ciniki, amma iyakarmu murfin firiza. Ba mai leƙa bayanta. Alhali kuwa a can baya akwai wata 'yar takarda manne, ɗauke da lamba irin su R134a, ko R404A, ko R600a, ko R290. Lambar nan ita ce sunan iskar da take kawo sanyin. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da masu kantunan unguwarmu za su bar biyun farko su koma biyun ƙarshe, muddin za a koya wa masu gyara yadda ake aiki da su.

Bari in fara da yadda sanyin yake samuwa. Ka dubi randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, shi kuwa in zai tafi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan dabara ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Firiza ma haka take, sai dai nata ruwan a rufe yake cikin siririn bututu, kuma yana tafasa tun cikin tsananin sanyi. Na R290, alal misali, yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifiri. In ya zama iska ya kwashe zafin ciki, sai kwamfiresa ta matse shi ya sake zama ruwa, ya amayar da zafin a waje. Abin da ya sa ke nan jikin firiza yake da ɗumi. Da haka ake riƙe askirim a digiri 18 ƙasa da sifiri don kada ya narke.

Injinan sanyi na farko da iskar da Allah ya halitta suke aiki, kamar amoniya, wadda har yau manyan masana'antun ƙanƙara suke amfani da ita. Amma amoniya tana da guba, don haka a wajen 1930 aka ƙera wata iska a Amurka, wadda ake kira CFC, ba ta da guba, ba ta kama wuta. Duniya ta yi murna. Sai a 1974 wasu masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa in ta tashi sama tana cinye lemar ozon, watau rufin da yake tare mana mugun hasken rana mai kawo ciwon dajin fata da yanar ido. A 1985 masanan Ingila suka gano rufin nan ya yi wawakeken gibi a saman Antatika. A 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a ƙasar Kanada, Nijeriya ta shiga a 1988, kuma aka ba ƙasashe irin namu wa'adin barin CFC zuwa farkon 2010.

To, ashe an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Iskar da ta maye gurbi, watau dangin HFC, su R134a da R404A, ba ta taɓa ozon, amma gwana ce wajen riƙe zafin duniya. Masana suna auna wannan da iskar kabon da take fita daga bakin mota da janareta. Kilo ɗaya na R134a daidai yake da kilo 1,430 na kabon. Kilo ɗaya na R404A kuwa daidai yake da kilo 3,922. Ka yi lissafi da kanka: in rabin kilo na R404A ya zurare daga firiza guda, an saki kwatankwacin tan biyu na kabon ke nan, saura kaɗan. R290 da R600a fa? Awonsu 3 ne kacal. Su ba baƙi ba ne a wurinmu, dangin gas ɗin girki ne, sai dai an tace su tas.

Kada wani ya ce sabon abu ne da ba a gwada ba. Tun 1992 ƙungiyar Greenpeace ta haɗa kai da wata ƙaramar masana'anta a gabashin Jamus suka yi firij mai irin wannan iska, suka sa masa suna Greenfreeze. Kamfanin Unilever, wanda a lokacin yake cikin manyan masu sayar da askirim a duniya, ya gwada firizoji masu R290 a wasannin Olamfik na birnin Sidni a 2000, daga 2004 kuma ya shiga sauya nasa da su. Yau miliyoyin irinsu suna aiki a kantunan duniya, har da ƙasashe masu zafi.

Na san abin da mai kanti a Ƙauyen Alu zai ce mini. Zai ce, "Yaro, mu ne muka ɓata duniya? Je ka faɗa wa Amurka da Sin." Gaskiyarsa, kuma ba ni da ja. Amma zan roƙe shi ya dubi aljihunsa. A watan Oktoba na 2016 ƙasashen duniya suka taru a Kigali, babban birnin Ruwanda, suka amince a rage HFC, Nijeriya kuwa ta tabbatar da amincewarta a 2018. Rukunin da muke ciki ya ɗauki alkawarin tsayar da ƙarin amfani da ita daga 2024, a rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, a kai ragin kashi 80 a 2045. Abin da ake rage shigowarsa kuwa, kowa ya san tsada ce makomarsa. Wanda ya sayi tsohuwar firiza 'yar kwatano don arha, ya sani ya sayi abin da masu ita suka yar, kuma cika mata gas zai riƙa ci masa riba shekara bayan shekara. Dama tsofaffin firij da kwamfiresa suna cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigo da su. Har wa yau, firiza mai R600a ko R290 ta fi ƙarancin shan wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai tayar da janareta don ƙanƙara ya san darajar kowace lita. Mai sola ma haka, gwargwadon ƙarancin shan wutar firiza, gwargwadon daɗewar batirinsa da dare.

Saura babbar magana, wadda ba zan ɓoye ba: wannan iska tana kama wuta. Amma a auna. Shekaru da yawa ƙa'idar duniya ba ta yarda a zuba fiye da giram 150 a irin wannan firiza ta kanti ba, sai a 2019 aka ɗaga iyakar zuwa giram 500 bisa sharuɗɗa. Iyayenmu mata kuwa suna girki kullum kusa da tukunyar gas mai kilo 12.5, wadda ta ninka giram 150 fiye da sau tamanin. Firizar da masana'anta ta rufe bututunta da kyau ba abin tsoro ba ce. Inda haɗarin yake shi ne ranar gyara.

Masu gyaran firij na unguwarmu mutanen kirki ne masu neman halal, kuma yawancinsu a hannun maigida suka koyi sana'a, lokacin da iskar firij ba ta kama wuta. Sun saba su yanke bututu iska ta fice, su kunna wutar walda nan take su liƙe. In aka yi wa firiza mai R290 haka a cikin ƙuntataccen shago, ana iya jin ba daɗi, domin iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwantawa tana jiran tartsatsi. Akwai kuma jarabar ɗura gas ɗin girki don ya fi arha. Wannan ganganci ne: yana da danshi da datti, yana kashe kwamfiresa. Haka nan ɗura R600a a injin da aka ƙera don R134a, wanda makunnansa ba a tsare su daga tartsatsi ba. Ni a ganina, sayar da sababbin firizoji ba tare da koyar da masu gyara ba, kamar ba yaro doki ne ba linzami.

Wa zai ɗauki wannan nauyi? Akwai ofishin kula da ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, akwai ƙungiyar masu gyaran firij ta ƙasa, watau NARAP, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da makarantun koyon sana'a. Ina kira gare su da su kai horon har shagunan Tarauni da Unguwa Uku, da harshen Hausa, da yamma bayan an tashi aiki, su kuma taimaka wa masu gyara da sikeli na awon giram da injin zuƙe iska. Wanda ya kammala a ba shi takardar shaida ya rataye a shagonsa, mai firiza ya san inda zai kai kayansa.

Mu ɗalibai kuma da yawanmu muna jiran kantin baba ko yaya ranar Asabar. Ka leƙa bayan firizar ka karanta lambar. In ka ga R600a ko R290 da alamar harshen wuta cikin rawayan kusurwa uku, ka matsar da ita daga risho da janareta, ka bar mata sarari iska tana ratsawa. In ƙanƙara ta daskare a jikinta, ka kashe ta, ka kwashe kayan cikin kula, ka bari ta narke da kanta. Kada ka sa wuƙa ka ɓamɓare, domin bututun yana nan kwance bayan bangon, kuma tsini kaɗan ya isa ya huda shi.