Zoɓon Babura a Teburin Meziko

Manyan ɗalibanmu suna son haɗa kuɗin mota ranar Asabar, su bar Kazaure su shiga Kano da abokai don ɗanɗana abincin baƙi. Wasu har na ƙasar Meziko suke nema, don sun gan shi a waya. Ni ban ga laifin wannan ba. Abin da ke damuna shi ne yaro ya dawo yana yatsina fuska ga tuwon uwarsa.

Ku duba abin da ke cikin farantin nan. Taco gurasar masara ce da aka naɗe nama, wake da barkono a ciki. Masara da barkono kuwa daga can suka iso mana, bayan tafiyar Kolumbus ta 1492.

Abin shan da suke kira agua de jamaica fa? Zoɓo ne tsagwaronsa! Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, Jigawa kuma tana sahun gaba wajen nomansa. Mai yiwuwa buhun da aka ɓare a Babura ko Gwiwa, wanda ya biya kuɗin makarantar wani cikinku, shi ake jiƙawa a can.