Mu Leƙa Gareji: Idan Fowil Ta Ƙi Shiga, Ta Ina Za Mu Fara?

 Damina ta kankama, hanyoyin karkara sun cika da taɓo. Lokacin ne a-kori-kura ke nuna amfaninta, domin ita ke kai taki gona, ita ke fito da mara lafiya daga ƙauye zuwa asibiti. Sai dai wata rana direba zai sa fowil, tayoyin baya su yi ta juyawa suna fesa laka, na gaba kuwa ko motsi. A wannan mako za mu bi matsalar daki-daki, mu ɗauki Toyota Hilux a matsayin misali, tunda ita muka fi gani. An fara ƙera ta a Japan a 1968, mai jan taya huɗu kuma ta fito a 1979.

Mu fara da sanin yadda abin ke aiki. A tafiyar yau da kullum, ƙarfin injin yana bi ta giyabos, ya bi dogon ƙarfen nan mai juyawa da makanikai ke kira farfela, ya isa tayoyin baya. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya mai rarraba ƙarfi. Idan aka sa fowil, shi ne ke tura ƙarfin ta farfela ta biyu zuwa tayoyin gaba. Shi ya sa muke ganin alamomi uku. H2 tayoyin baya ne kawai ke ja. H4 duka huɗun ke ja. L4 ma huɗun ne, amma an rage gudu an ƙara ƙarfin ja kamar ninki biyu da rabi, don taɓo mai zurfi ko hawan tudu.

Ke nan ƙarfi sai ya ratsa mahaɗa biyu kafin ya isa ƙasa ta gaba: akwatin rarraba ƙarfi, da kuma abin da ke ƙulle tayoyin gaba da aksil. Ɗaya ya kasa, fowil ta tashi aiki. Dokarmu kuwa ita ce mu fara da abin da ba ya cin ko kwabo, mu bar mai tsada a ƙarshe.

Mataki na farko: shin an sa ta yadda ya kamata? L4 ba ta shiga mota tana tafiya. Sai an tsaya cak, an taka kuloci har ƙasa, idan kuma motar mai canza giya da kanta ce, an mai da giyar kan N. Wani lokaci haƙoran giya ne ba su daidaita ba. A saki totur, a ɗan matsa gaba ko a yi ribas kaɗan da sitiyari a miƙe, sai ka ji ta faɗa.

Mataki na biyu: mu sauka mu dubi tsakiyar tayoyin gaba. Tsofaffin Hilux da yawa suna da wani ɗan murfi da ake murɗawa da hannu, an rubuta FREE a gefe guda, LOCK a ɗaya gefen. Dole duka biyun su koma kan LOCK. Idan guda ɗaya kawai aka ƙulle, ƙarfin zai zurare ta ɓangaren da yake sake, kamar ruwan da ya samu ɓaraka a kunya. Shi ya sa direba mai dabara yake ƙulle su tun kafin ya shiga taɓo.

Mataki na uku ya shafi sababbin motoci, waɗanda ake murɗa maɓalli maimakon jan ƙarfe. A cikinsu ƙananan injinan lantarki ne ke yin aikin da hannu ke yi a da. Mu dubi fitilar fowil da ke gaban direba. Idan ta kama ta tsaya, ta shiga. Idan tana ta ƙyaftawa, an ba da umarni amma aikin bai kammala ba. Idan ba ta kama ko kaɗan ba, mu duba fiyus, littafin motar zai nuna mana wanne ne. Fiyus ɗin da ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Ɗaura waya a madadinsa na iya ƙona wayoyin motar gaba ɗaya. Daga nan sai soket da wayoyin da ke ƙarƙashin mota, inda ruwa da laka ke sa tsatsa. Wasu tsofaffin samfura da zuƙar iska suke aiki, a nan sai a nemi siririn tiyo da ya tsage ko ya cire.

Mataki na huɗu gwaji ne ga mota mai murfin hannu, kuma a yi shi tare da makanike. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe injin, a zare makulli, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu. Da farko a bar murafen kan FREE, a sa H4, a gwada juya farfelar gaba da hannu. Bai kamata ta juya ba, domin yanzu a haɗe take da ta baya. Idan ta yi ta juyawa, laifin na akwatin rarraba ƙarfi ne ko ƙarfen da ke sa shi. Sai a koma H2, a mai da murafen kan LOCK, a sake gwadawa. Nan ma bai kamata ta juya ba, tunda tayoyin da ke ƙasa sun riƙe ta. Idan ta juya, a nemi laifin a wajen murafen ko aksil ɗin gaba. Kun ga abin da malamin kimiyya ke nanata mana: a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a lura da sakamako. Wanda bai yi haka ba zai sayi kayan gyara masu tsada alhali fiyus ne ya ƙone.

Rigakafi dai ya fi magani. Kada a yi tafiya da fowil irin wannan a kan busasshiyar kwalta. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa, amma H4 tana tilasta wa farfelolin biyu juyawa daidai. A rairayi ko laka taya kan ɗan zame ta sauke matsin. A kwalta babu zamewa, sai matsin ya taru a giya, ta ƙi fita ko wani abu ya karye. Tayoyin da girmansu ya bambanta ma haka suke jawowa. A riƙa duba man akwatin rarraba ƙarfi, musamman bayan an ratsa ruwa. Idan ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a canza shi. Sannan kada a bar fowil ta shekara ba a taɓa ta ba. A riƙa sa ta duk wata a hanyar da ba kwalta, don mai ya zagaya.

Ga aikin gida. Wata mota tana da tayoyin baya masu faɗin santimita 77 daga baki zuwa baki, na gaba kuma santimita 75. Ku nemo kewayen kowace da 22/7, sannan ku lissafa sau nawa kowace za ta juya a tafiyar kilomita 1. Bambancin da kuka samu shi ne abin da giyar fowil ke fama da shi. Ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, 'yan mata da samari baki ɗaya. Za mu kawo amsar a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.