Matar sarki ba sarauniya ba ce

Ba na yarda da malaman Ingilishi da ke koya wa yaranmu cewa queen sarauniya ce, shi ke nan. A tsohon Ingilishi, cwen na nufin mace, ko matar sarki. Shi ya sa Camilla, matar Sarki Charles, ke amsa sunan da Elizabeth ta amsa, wadda ta yi mulki daga 1952 zuwa 2022. Hausa ta raba biyun. Sarauniya Mangu ta Lugu, da ta tari sojojin Faransa a 1899, ba aure ya ba ta sarauta ba. Malamai, ku bayyana wa yara wannan bambanci. Iyaye, ku duba littattafan ƴaƴanku.