Motar Yaron Nan Da Ake Ta Ce-ce-ku-ce A Kanta



Tun ranar da aka ɗora bidiyon nan a zauren WhatsApp na ƙungiya wayata ba ta huta ba. Ga wanda bai gani ba, wani ɗan'uwanmu ne mai walda a nan Agege ya ƙera wa ɗansa mai shekara tara 'yar ƙaramar mota mai inji, irin wadda Turawa ke kira gokat, ya yi mata bodi na faiba, ya shafe ta da koren fenti. Yaron ya zagaya filin bayan ofishinmu sau uku, yara na bin sa da ihu. Daga nan mutane suka rabu biyu: wasu na cewa almubazzaranci ne a wannan tsadar rayuwa, wasu kuma har sun fara tsara yadda yaron zai fito da ita titi ranar Sallah. Ni ban yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma tunda maganar za ta zo gaban taro, gara in faɗi nawa tun yanzu. Ra'ayina ne ni kaɗai, shugabanni ba su aiko ni ba.

Na je shagon da kaina na zauna kusan awa biyu, ya nuna mini komai. Ƙashin motar bututun ƙarfe ne da ya tsinto a Owode Onirin, ya yanka ya haɗa da walda. Tayoyin na baro ne. Birki da sarƙa da farantin sarƙar na babur ne, daga Ladipo. Injin kuwa irin wanda mata ke markaɗe da shi ne, mai ƙarfin doki 6.5, tsoho ne da ya saya a hannun wata da ta daina sana'ar, ya gyara shi. Ya sa masa kulocin nan mai kama kansa da kansa idan an taka totur, saboda haka yaro ba ya buƙatar giya: ƙafar dama tafiya, ƙafar hagu birki.

Bodin ne ya fi ba shi wahala, shi ne kuma ya fi burge ni, domin bai taɓa aikin faiba ba. Wani abokinsa Bayarabe da ke gyaran jiragen ruwa na faiba ne ya koya masa. Da farko ya sassaƙa siffar motar da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji. Ya zuba ruwan rezin a kai, sai soson ya narke a gabansa kamar an zuba wa gishiri ruwa, aikin kwana huɗu ya tafi. Abokin ya yi ta dariya, sannan ya gaya masa cewa wannan rezin yana cinye irin wannan soso, sai an lulluɓe shi da tef tukuna an shafa kakin da zai hana mannewa. Ya sake daga farko. Bayan nan sai a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a dama rezin da ruwan daskararwa, a riƙa dangwalawa da buroshi har zaren ya jiƙe sharkaf, a bi da ɗan ƙaramin rola a fitar da iska, a ƙara wani shimfiɗi a kai har uku. Ruwan daskararwar kaɗan ake sawa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na rezin ɗin. Idan ya yi yawa, musamman da zafin rana, kwanon zai ɗau zafi ya sandare a hannunka kafin ka gama shafawa, idan ya yi kaɗan kuma bodin zai kwana yana danƙo. Bayan ya bushe sai a ciro soson, a cike ramuka da fila irin ta masu gyaran bodi, a goge da samfefa, a yi fenti.

To, mutumin da ya fara wannan aiki yana mai walda kaɗai, ya gama shi ya san awo, ya san yin siffa, ya san faiba. Makon da na je ma akwai murfin babur guda biyu da suka tsage an kawo masa ya ɗinke, abin da a da sai dai a jefar a sayi sabo. Yaron kuma, wanda duk Asabar yana shagon yana miƙa sifana, da na tambaye shi me ya sa farantin baya ya fi na gaba girma, sai ya ce, “Kawu, don ta yi ƙarfi ne, kar ta yi gudu.” Ni da difloma ta ban san wannan ba ina shekara tara. Wannan ne ake kira almubazzaranci?

Wani dattijo da nake girmamawa ya kira ni ya ce, “Sakatare, mu neman abinci ya kawo mu Kurmi, ba wasan yara ba.” Na ce, “Baba Alhaji, gaskiya ne, amma mu duba yadda neman abincin yake tafiya.” A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana babur da keke a wasu ƙananan hukumomi. Ranar 1 ga Yuni, 2022 aka sake hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, daga baya aka ƙara wasu. Ni ne mai riƙe da littafin ƙungiya, na san waɗanda suka zo neman kuɗin mota su koma gida, na san waɗanda aka ƙwace wa babur ba su gama biyan sa ba. Kusan dukansu sun iya tuƙa babur, amma ƙalilan ne suka iya kwance injinsa su mayar. Waɗanda suka iya ɗin ba su zo ofis neman taimako ba, sun koma gyaran janareto da injin markaɗe, suna ci gaba da ciyar da iyalinsu. Yaranmu da aka haifa a nan ba su da gonar da za su koma, abin da muka sa a hannunsu shi ne gadonsu.

Kuma don Allah, waye cikinmu bai yi motar kara ba? Waye bai yanka tsohon silifas ya yi taya ba, ko ya lanƙwasa langa-langa da gwangwanin madara ya ɗaura zare yana ja? Abin da wannan bawan Allah ya yi ci gaban wancan ne, bambancin kawai shi ya sa hannu ya taya ɗansa, mu kuma a lokacinmu ana ganin mun fara girma sai a ce mu bar shiririta. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit a Amurka ya karanci zanen motoci, ya yi aiki da General Motors inda aka san shi da zanen Chevrolet Volt, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da tsarawa da bunƙasa ƙera motoci. Muna alfahari da shi, muna yaɗa hotonsa, amma idan yaron maƙwabci ya fara irin hanyar sai mu ce wasa ne. Ita kanta gokat ɗin wani maƙerin motocin tsere ne mai suna Art Ingels ya haɗa ta farko a 1956 a Kalifoniya, da bututun ƙarfe da ɗan ƙaramin inji, kamar dai yadda aka yi a Agege. Ayrton Senna na Brazil, wanda ya zama zakaran tseren motoci na duniya sau uku, mahaifinsa ne ya haɗa masa tasa ta farko da injin yankan ciyawa. Ba ina cewa yaronmu zai zama direban tsere ba, ban ma yi masa fatan haka ba, Senna ɗin a kan tsere ya mutu a 1994. Hannun da ya saba da sifana nake magana a kai.

Yanzu bari in juyo kan masu son a fito da ita titi ranar Sallah, domin su ne suka fi tayar mini da hankali.

Na zauna da mai motar mun yi lissafi a bayan takardar rasit. Irin wannan inji yana juyawa har sau 3,600 a minti ɗaya. Farantin kulocinsa haƙora 12 ne, na baya 60, wato inji ya juya sau biyar, taya ta juya sau ɗaya. Kenan taya za ta juya sau 720 a minti. Tayar baron da ya sa, juyi ɗaya tana cin kusan mita ɗaya. Idan ka haɗa, motar za ta iya wuce kilomita 40 a awa. Yaro ɗan shekara tara, zaune kusan a ƙasa, kansa bai kai tsayin tayar tirela ba, yana gudun kilomita 40 a titin da danfo da keke ke kutse. Direban danfo ba zai ma gan shi ta gilashi ba. Shi kansa uban da ya ga lissafin sai ya yi shiru, domin a filin ofis yaron bai taɓa taka totur har ƙasa ba. Mun yarda zai sa farantin baya mai haƙora 72 da na gaba mai 10, ya kuma ɗaure totur da noti yadda ba zai wuce rabi ba. Wannan zai sauko da gudun ƙasa da kilomita 20. Kuma kada kowa ya ba shi shawarar cire gwamnan inji don ta ƙara gudu, na ga wani ya rubuta haka a zaure. Gwamnan ne ke hana injin wuce ƙa'idarsa.

Abu na biyu, kuma wannan namu ne musamman: sarƙa da sandar tayoyin baya a buɗe suke, suna juyawa a daidai bayan kujera. Yaranmu ba gajeren wando da singileti suke yawo da su ba. Dogayen riguna suke sawa, 'yan mata kuma hijabi, ranar Sallah har da babbar riga. Duk wanda ya yi acaɓa ya san abin da ke faruwa idan gefen zane ko mayafi ya shiga tayar baya. A nan abin ya fi muni, domin hijabi a wuya yake, inji kuma bai san ya tsaya ba. Ƙanwar yaron tana tsaye tana roƙon a ɗora ta ranar da aka ɗauki bidiyon, na gan ta da idona. Dole a rufe sarƙar da sandar da murfin ƙarfe gaba ɗaya, a rufe salansa don kada yaro ya dafa ta ƙone shi, a sa makashin inji inda hannun yaro zai kai da wani a baya inda babba zai iya kaiwa. Duk yaron da zai hau, namiji ko mace, sai da kaya masu kama jiki, takalmi rufaffe da hular kwano daidai kansa, ba ta babansa da ke rufe masa ido ba.

Kada kuma kyan bodin ya ruɗe mu. Faiba mai shimfiɗi uku ado ne da kariya daga ƙura, ba garkuwa ba ce. Idan ta bugi abu ba ta lotsawa kamar ƙarfe, tsagewa take yi ta bar baki mai kaifi. Abin da zai kare ƙafar yaro shi ne bututun ƙarfe a gaba da gefe, kuma na gaban motar nan bai kai yadda nake so ba, na gaya masa. Aikin faiban kansa ma ba na yara ba ne. Warin rezin yana sa jiri idan babu iska, ɗigo ɗaya na ruwan daskararwa a ido na iya lalata ido, ƙurar gogewa kuma garin gilashi ce, tana sa ƙaiƙayi tana shiga ƙirji. Ɗan'uwan namu ya yi kwana biyu yana susa saboda ya goge bodin da singileti. Wannan ɓangaren babba ne zai yi shi, a waje, da safar hannu, tabarau da takunkumi. Yaro ya tsaya kan zane, awo, sassaƙa soso da ɗaure noti.

Na san akwai maganar hassada tsakanin yara, wata uwa ta faɗe ta kuma tana da gaskiya: ɗa ɗaya yana da mota, sauran suna kallo. Wannan ne ma ya sa nake ganin bai kamata abin ya tsaya a gida ɗaya ba.

Abin da zan gabatar a taro shi ne ƙungiya ta ba da filin bayan ofis duk Asabar daga ƙarfe goma zuwa Azahar. Mai waldan ya amince zai zo kyauta na wata uku, wani bakaniken janareto cikinmu shi ma ya ce zai zo. A ɗauki yara goma, maza da mata, masu shekara tara zuwa sha huɗu, da sa hannun iyayensu, su haɗa mota ta biyu wadda za ta zama ta ƙungiya. Ta farko da za su fara da ita ma babu inji, turawa za a riƙa yi, har sai sun iya sitiyari da birki. Abin da nake nema daga asusu shi ne kuɗin hulunan kwano na yara guda uku, akwatin taimakon gaggawa da abin kashe gobara. Ƙarfe da tayoyi za mu roƙa wajen 'yan'uwanmu masu harkar gwangwan, na riga na yi wa biyu magana. Sharaɗin da ba zan janye ba shi ne babu motar da za ta fita ƙofar fili, ko ranar Sallah ko wata rana, kuma makullin yana hannun babba.

Taron ranar Lahadi ne bayan La'asar a ofis. Iyaye mata ma muna son jin bakinsu, za a shimfiɗa musu tabarmi a rumfar gefe. Motar za ta kasance a wurin da murfin sarƙarta a ɗaure, wanda ke da shakka ya zo ya duba da hannunsa kafin a kaɗa ƙuri'a.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya